Tafin Hannun Malam Haladu

A Kwandiko, cikin ƙasar Gwaram, in ka tambayi Malam Haladu Buba ba wanda zai ce maka bai san shi ba, sai dai kuma da wuya ka sami mai ba ka labarinsa da tsawo, don shi kansa ba ya bayarwa. Dogo ne siriri mai ɗan gemu, cikinsa ya ɗan turo ta ɓangaren hagu kamar ya ɓoye ƙaramar ƙwarya a cikin riga. Noma yake yi, gero da dawa da riɗi, yana kuma da 'yan shanu da ba su kai a kira su garke ba. Kakanninsa makiyaya ne da suka gaji da yawo suka zauna. Fulatancin ya bi tsofaffi kabari, bai rage a bakinsa ba sai na gaisuwa da na kiran saniya. Abin da bai tafi ba ita ce kunya. Wannan kam ya gaje ta cif, har da ƙari.

Mutum ne da in yana cin tuwo baƙo ya yi sallama, zai tsame hannu ya ce ai ya ƙoshi, ko da loma biyu ya kai. 'Yarsa ta fari sunanta Rukayya, amma tunda aka haife ta ba a taɓa jin sunan a bakinsa ba, sai dai "ita wannan". In zai zagaya bayan gida sai ya ɓoye buta cikin riga ya saɓi fartanya, kai ka ce gona za shi, alhali kowa a gidan ya san inda ya nufa. Matarsa Hapsatu, wadda Allah ya yi wa baki ya kuma yi mata haƙuri, takan ce zama da Malam sai wanda ya iya karatun fuska, don bakin dai na salla ne kawai da cin goro.

Ciwon nasa tun na ƙuruciya ne. Yana yaro yana kai shanu bakin kogi, in rana ta take su faɗa ruwa shi da sauran yara su wuni suna iyo. A lokacin yaro ya ga jini a fitsari ba abin faɗa ba ne, wasu ma cewa suke alamar girma ce. Ba wanda ya san akwai wata irin tsargiya da ba ta tsayawa a mafitsara, hanji take shiga ta wuce hanta, ta zauna tana aiki shiru shekara da shekaru. Haladu ya girma, ya yi aure, ya haifa, cikin yana tasowa kaɗan-kaɗan. Abokai suna tsokanarsa wai tumbin arziki ne ya fara fitowa, shi kuma ya yi murmushi ya kawar da kai.

Wata damina ya ga bayan gidansa ya sauya, ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ga wani irin wari. To wa zai faɗa wa? Hapsatu? Ai da ya buɗe baki ya yi wa matarsa wannan zance, gara masa ya kwanta ciwo. Ya yi shiru abinsa, ya ci gaba da zuwa gona, in jiri ya ɗebe shi ya dafa fartanya har ya wuce. Ranar da abin ya fashe yana kasuwar Sara ne, sun kai wani ɗan maraƙi shi da ƙanensa Manu. Yana tsaye ana ciniki ya ji zuciyarsa ta tashi, ya juya baya don kada a gani, sai jini ta baki, guda-guda. Abin da Manu yake ba da labari har yau yana girgiza kai shi ne, wai kafin ya faɗi sai da ya sa ƙafa yana tura ƙasa yana rufe jinin.

A bayan motar shanu aka kai shi babban asibiti a Birnin Kudu. Can ya faɗa hannun Dakta Ummussalma, wata gajeriyar mata mai tabarau da saurin magana, likitar ciki da hanta, wadda kuma ita ke koyar da ɗaliban likitanci da ake turowa asibitin su koyi aiki a kan marasa lafiya. Ta duba shi ta ce jini ake buƙata, yanzu ba an jima ba. Aka gwada Manu aka ce nasa ma da ƙyar yake isarsa. 'Yan garin da suka biyo mota, da suka ji maganar ɗibar jini ga damina ga noma a gaba, sai wannan ya tafi alwala, wancan ya tafi sayen ruwa, ba a ƙara ganin ƙeyarsu ba. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, amma dai haka aka yi.

Dakta ba ta tsaya faɗa ba. Ta wuce ajin da ɗalibanta suke jiranta, ta ce akwai wani dattijo manomi da zai mutu kafin la'asar in ba a samu jini ba, wanda zai iya ya biyo ta. Suka tashi, maza da mata, suka naɗe hannun riga. Da aka ƙara masa jinin ya ɗan farfaɗo, sai ta zura masa wata siririyar na'ura mai ido ta maƙogwaro, ta gano jijiyoyin da suka fashe a bakin tumbi, ta ɗaure su.

Da ya fara zama, ita da kanta ta jawo kujera ta yi masa bayani, da Hausarta ta Kano tas. Ta tambaye shi ko ya taɓa feɗe rago. Ya ce sau nawa ma. Ta ce to ya tuna yadda hanji yake da jijiyoyi a jikin kitsen nan da ke riƙe da shi. Duk jinin da ya kwaso amfanin abinci daga hanji, ta hanta yake bi kafin ya koma zuciya. Tsargiya ta sa hantarsa ta yi tauri, hanya ta ƙuntata, jinin ya koma baya kamar ruwan lambu in an toshe masa kwalbati. Shi ya sa saifarsa ta kumbura har ta sauko ƙasan cibiya, shi ya sa kuma jijiyoyin maƙogwaro suka cika suka fashe. Ta ba shi maganin tsargiya da wata ƙwaya da zai riƙa sha kullum, ta hana shi duk wani maganin gajiya da ake talla a kasuwa. Sannan ta zare tabarau ta dube shi.

"Malam Haladu, baƙin bayan gida jini ne da ya bi ta hanji ya dahu. Duk ranar da ka ƙara ganin sa, ko kana tsakiyar shuka ka ajiye ka taho. Ka ji ni?"

Ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige, ya ce ya ji.

Bayan ya warware ya dawo da ƙwan zabi da kwalbar man shanu, ya ce a nuna masa yaran da suka ba shi jini ya yi musu godiya. Dakta ta ce ba a faɗa, su ma ba su nemi a faɗa ba. Ya ce to shi yaya zai yi da wannan nauyi a ƙirjinsa? Ta dubi rigarsa wajen da ta turo, ta ce in da gaske yake, akwai abin da yake da shi wanda yaran ke buƙata. Saifa irin tasa a littafi kawai suke ganin ta. Aron cikinsa take so. Ya riƙa zuwa lokaci-lokaci ya kwanta, su taɓa, su yi masa tambayoyi, su koya.

To fa. Mutumin da ko a gaban ƙanensa bai taɓa tuɓe riga ba, shi ake cewa ya kwanta ya buɗe cibiya a gaban sa'o'in 'ya'yan cikinsa, har da mata. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce Allah ya kai mu, ya tafi gida. Ya yi kwanaki ba ya cin abin kirki. Hapsatu ta bi shi da dabara har ta zaro zancen, da ta ji sai ta ajiye muciya.

"Malam, jinin 'ya'yan mutane ne ke yawo a jikinka. Sun riga sun shiga ciki, wajen ne za ka ɓoye musu?"

Ya kawar da kai. Amma da ranar darasin ta zo ya sa wankakkiyar riga ya hau mota.

Ranar farko ba ta da daɗin tunawa. Aka kwantar da shi a gado aka ja labule, yara cikin fararen riguna suka kewaye shi. Ya kafa ido a silin yana salati a zuci. Dakta ta sa wata ɗaliba ta fara tambaya. Baba yaya jiki? Da sauƙi. Yaya cin abinci? Alhamdu lillahi. Akwai inda ke ciwo? Babu. Bayan gida fa? Nan ya kawar da fuska ya ce lafiya lau. Yarinyar ta juyo ta ce wa malamarta ai Baba ba shi da wata damuwa. Dakta ta yi dariya har tana riƙe gado.

"Kun ji ko? Wannan bawan Allah ya amayar da jinin da zai cika ƙwarya, kuma da a ranar kuka tambaye shi, haka zai ce muku, lafiya lau. Ba ƙarya yake yi ba, haka aka tarbiyyantar da shi, kuma irinsa ne za su cika muku layi duk inda aka tura ku aiki. Gaisuwa daban, tambaya daban. In baki ya ce lafiya, ku amsa da ladabi, sannan ku dubi hannu."

Ta kama hannun Haladu ta buɗe tafin, ta ɗora nata kusa da shi. Ta nuna musu ja-jan da ke cikin layukan, ta ce ranar da aka kawo shi fari fat yake kamar an wanke da toka. Daga hannu ta koma bugun jijiya a wuyan hannu, sai cikin ido, sai harshe, sannan ciki. Ta ce a tsaya ta dama, a murza hannu ya yi ɗumi, a nemi izini, a durƙusa daidai da gado, a faro daga can ƙasa ta dama a hauro a hankali zuwa haƙarƙarin hagu. Yawancin bayanin da Turanci ta yi, Haladu bai ji ko ɗaya ba. Abin da ya ji shi ne hannuwa, wani mai sanyi, wani mai rawa, wani mai danna mutum kamar yana gwada nunar kankana. Kowane hannu ya sauka a cikinsa sai ya ce a ransa, wa ya sani ko wannan ne ya ba ni jini. Da wannan tunanin ya daure har aka gama.

Daga nan abin ya zame masa jiki, ko da yake kunyar ba ta taɓa barinsa ba. Duk sabon rukuni in suka iso darasin ciki, Dakta za ta aika, shi kuma ya taho. A Kwandiko an ɗauka ganin likita kawai yake zuwa. Ɗalibai suka sa masa suna Baba Kwandiko. Ya san lokacin da ake so ya ja numfashi tun kafin a ce, ya san juyawa ta dama ba sai an juya shi ba. A kansa yara da yawa suka fara jin bakin saifa ya daki yatsunsu, kuma wallahi in ka ga yadda fuskarsu ke washewa a lokacin, sai ka ce kyauta aka yi musu. A kansa kuma suka koyi yadda ake tambayar dattijo launin bayan gidansa ba tare da an ci masa fuska ba: a rage murya, a nemi gafara, a kawar da ido, amma a tambaya, kuma kada a tashi sai an ji amsa.

Rukayya ce ke raka shi, don ita ta yi sakandare, ita ke jin abin da aka rubuta a jikin magani. Tana zama a benci a waje har ya fito. A cikin wani rukuni akwai wani yaro ɗan Kangire, Musaddiq, baƙi mai yawan gumi, ɗan manoma shi ma. Ranar da aka zo kansa ya rikice, ya faro daga sama kusa da haƙarƙari, ya yi ta lalube a tsakiyar saifar bai san a kanta yake ba, ya ɗago ya ce bai ji komai ba. Dakta ta ce masa saifar da makaho zai gani ita ce bai ji ba, ya koma ya faro daga inda aka koya masa. Yaron ya koma yana ta gumi. Haladu ya ji tausayinsa, sai ya ja wani dogon numfashi da ba a ce ya ja ba, saifar ta sauko ta bugi yatsun yaron. Musaddiq ya ɗago ya dube shi. Haladu ya mayar da ido silin kamar ba shi ba.

Ashe yaron ba saifa kaɗai ya gano a asibitin ba, ya gano bencin waje ma. Bayan shekara biyu sai ga dattawan Kangire a ƙofar gidan Haladu da goro, suna nema wa ɗansu auren Rukayya. Manu ne ya karɓe su, shi ya shigo da bayani. Da Haladu ya gane wane yaro ake nufi sai da ya nemi wuri ya zauna. Yaron ba shi da aibu, asalinsa mai kyau, yarinya tana so. Amma suruki fa. Surukin da ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, ba a kiran sunansa, shi ne wanda ya riga ya ga cibiyarka ya danna ta da yatsa. Hapsatu ta yi dariya har da hawaye, shi kuwa ko kaɗan abin bai ba shi dariya ba.

Ya ba da 'yar, don ba zai hana yarinya mijin kirki saboda cibiyarsa ba. Sai dai ya je ya sami Dakta, ya yi ta kewaye-kewaye, har ta gane da kanta ta ce ya kwantar da hankalinsa, ba za ta ƙara haɗa su a ɗaki ɗaya ba. Haka kuwa aka yi. Musaddiq ya gama karatu ya fara aiki a asibitin, aka yi biki, kuma surukuta ta kankama yadda ya kamata. In suka hangi juna a barandar asibiti, ɗaya zai tuna yana da uzuri ta wata hanyar. In Musaddiq ya zo Kwandiko, tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, kai a ƙasa, a gaisa a taƙaice ya tashi. Haladu in zai ambace shi sai ya ce "mutumin Kangire".

Da cikin Rukayya ya tsufa aka kawo ta gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Lokacin yankan riɗi ne, Haladu ya yi ta aiki har bayansa ya riƙe, ga gyaran ɗakin mai jego, ga itacen wanka da za a tara. Wani mai tallar magani a kasuwa ya ƙulla masa haɗin maganin gajiya a leda, ya ce sha ɗaya zai miƙe. Ya san an hana shi. Ya ce a ransa ai shekaru sun ja, ciwon ya kwanta, sau ɗaya ko biyu ba zai yi komai ba. Ya sha, bayan ya saki, ya ƙara sha. Rukayya ta sauka lafiya, aka sami mace. Ana saura kwana biyu suna, ya zagaya da safe ya ga abin nan, baƙi ƙirin.

A wannan karon ba zai ce bai sani ba. Babu mutum a Kwandiko da ya san ma'anar wannan launi kamarsa, shi da aka yi shekaru ana koyar da shi a kansa. Amma gida ya cika da mata, an jiƙa gero, an sayo rago, mutanen Kangire sun ɗauki shatar mota. Ya tashi ya ce a kai shi asibiti, a tambaye shi me ya faru, ya faɗa a gaban baƙi? Ya ce a ransa bari a yi suna a watse, washegari ya sulale shi kaɗai. Hapsatu, mai karatun fuskar, tana can tana fama da ruwan wanka da baƙi, ba ta sami sararin duban sa ba.

Ranar suna da hantsi aka taru a ƙofar gida. Liman ya yi huɗuba, aka raɗa wa yarinya Nasiha, aka yi addu'a, aka raba goro da dabino, Manu ya tafi wajen yankan rago. Haladu ya so ya miƙe ya raka mutane, ƙasa ta juya masa, sai ya lallaɓa ya shiga zaure ya zauna a tabarma ya jingina da bango. Gumi mai sanyi yana bin bayansa, zuciyarsa tana bugawa da sauri-sauri. Dattawan Kangire suka shigo yi masa godiya, da Kawu Munzali, ƙanen mahaifin Musaddiq, a gaba. Suka zazzauna. Can a ƙarshe uban jaririya ya tuɓe takalmi a waje, ya shigo a sunkuye, ya durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau."

"An tashi lafiya? Yaya hidima?"

"Alhamdu lillahi. Allah ya raya."

"Amin. Mun gode, Allah ya ƙara girma."

A nan gaisuwar suruki take ƙarewa, sai a tashi. Musaddiq bai tashi ba. Mai durƙuso da kai a ƙasa ba ya ganin fuskar surukinsa, amma idonsa a kan hannuwansa yake sauka. Haladu yana jan carbi, tafin hannunsa a buɗe, fari fat. Ya lura da inda yaron yake kallo, ya yi maza ya dunƙule hannun ya tura cikin riga, amma ya makara.

"Baba, yaya jikin?"

"Da sauƙi."

Kawu Munzali ya yi gyaran murya. "Kai, ai ka gaisa. Tashi ka ba manya wuri mana."

Musaddiq bai motsa ba. Ya rage murya, idonsa a kan tabarma. "Baba, a gafarce ni. Zan yi tambayar da ba ta kamace ni ba. In an zagaya, yaya launinsa?"

Wani dattijo ya ce subhanallahi a hankali. Kawu Munzali ya riƙe baki, don tunda yake bai taɓa jin ɗa ya yi wa surukinsa irin wannan tambaya ba, balle a bainar jama'a ranar suna.

Haladu ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. "Lafiya lau" tana nan a kan harshensa, da ya sake ta shi ke nan, yaron dole ya tashi, kowa ya riƙe mutuncinsa. Ya saci kallonsa. Gumi yana ɗiga daga goshin Musaddiq zuwa tabarma, irin na ranar da ya kasa gano saifa. Yaron ya zubar da tasa kunyar gaba ɗaya a gaban iyayensa, kuma ya yi tambayar daidai yadda aka koya masa, ya rage murya, ya nemi gafara, ya kawar da ido, ga shi ya ƙi tashi. A kan wa ya koya? Haladu ya ga in ya ce lafiya lau ya mutu gobe, to duk kwanciyar da ya yi a gadon nan ta tashi a banza, kuma wannan yaro zai ɗauki abin a ransa har tsufansa, jikarsa kuma ta tashi ana cewa ranar sunanta kakanta ya yi gaisuwar ƙarshe.

Ya juya fuskarsa ga bango. Da bangon ya yi maganar.

"Baƙi ne. Tun shekaranjiya."

Sannan ya zaro hannu daga cikin riga ya miƙa, fuskar tana can inda take. Musaddiq ya matso da gwiwa ya kama wuyan hannun, ya ɗan saurara, ya ce wa kawunsa a juyo da mota bakin zaure yanzu, a kira Baba Manu.

Motar da ta kawo 'yan suna ita ta ɗauke shi, aka bar dattawan Kangire a tsaye da goro a hannu. Suka biya ta asibitin Gwaram aka sa masa ƙarin ruwa, suka miƙa Birnin Kudu. Duk tsawon hanyar yatsun Musaddiq suna kan wuyan hannunsa, wannan yana kallon tagar dama, wancan ta hagu. Suna shiga harabar asibiti aman jinin ya zo, amma ya zo ne a inda ake jiransa, don Musaddiq ya riga ya yi waya. Da labari ya zaga cewa Baba Kwandiko ne, ɗalibai da ƙananan likitoci suka cika ƙofar ɗakin ɗibar jini har sai da aka mayar da wasu.

Dakta Ummussalma ta sake ɗaure jijiyoyin. Sai da ta ga ya fara shan kunu sannan ta zo ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu. Ta yi masa faɗan maganin gajiya, ta yi masa faɗan kwana biyun da ya yi shiru, ta ce da ya jira washegarin nan tasa da a hanya za a juyo da shi. "Malam Haladu, kai da nake koyarwa da kai?" Ya ce a yi haƙuri. Ta ce ba ita zai ba haƙuri ba, ya gode wa Allah da ya ba shi suruki marar kunya. Ta juya da sauri tana gyara tabarau, don idonta ya kawo ruwa.

Ya koma gida ya tarar da Hapsatu ta tanadar masa nata faɗan, ya sha shi a zaune. Aka kawo masa Nasiha ya karɓa ya daɗe yana kallonta. Godiyar da ke ransa ta fi ƙarfin bakinsa, dama can bakin ba gwani ba ne. Yakan dai ce, in an matsa masa, shi bai san iyakar mutanen da yake ɗauke da jininsu ba, don haka in ya idar da salla sai ya haɗa su duka ya yi musu addu'a, da waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba. Har yanzu in sabon rukuni ya iso darasin ciki yana sa wankakkiyar riga ya hau mota.

Tsakaninsa da mutumin Kangire kuwa, ba wanda ya taɓa tayar da zancen zauren nan. Surukuta ta koma yadda take. Musaddiq yana tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa, kai a ƙasa. Baba ina wuni, lafiya lau. Yaya jiki, da sauƙi. Sai dai Hapsatu, da ba abin da ke wuce ta, ta lura da wani abu da babu shi a da. Da zarar Malam ya ji sallamar surukinsa, sai ya ajiye carbi, ya gyara zama, ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa, tafin yana kallon sama. Haka zai bar su a buɗe, fuskarsa a gefe, har yaron ya gama dubawa ya tashi.